Ranar Da Na Yi Wa Yayana Tafinta

Akwai laifuffukan da na yi a rayuwa, na roƙi gafarar Allah, zuciyata ta kwanta. Wannan da zan ba ku labari ba ya cikinsu. Shekara goma sha huɗu ke nan da faruwarsa, kuma na riga na sallama cewa ba zan manta da shi ba har ƙasa ta rufe idona. In gaskiya za a faɗa ma, ban cancanci in manta ba.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da yayana wanda ya girme ni da shekara shida. A wata tungar masunta muka tashi, a bakin tafki, ba nisa da Wara. Yayana kurma ne. An ce sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara biyu, ya tashi amma jinsa ya tafi, 'yar maganar da ya fara koya ita ma ta bi baya. Bebe kowa yake ce masa, har yaran tungar ba su san yana da sunan yanka ba. Shi da Inna kuwa hira suke yi kamar kowa. Tana cikin gyaran kifi sai ta goge hannu a gefen zani, ta yi masa wani abu da yatsu, ya mayar mata, su kwashe da dariya, ni ina zaune kamar baƙo a gidanmu.

Ni aka kai boko. Tun ina firamare yara suke tsokanata da ƙanen bebe, suna kaɗa hannuwa a fuskata, daga nan na ɗauki karan tsana na ɗora wa maganar hannu. Abin da na iya bai wuce zo, tafi, ci abinci, da Inna tana kira ba. Da na gama karatu na samu aikin koyarwa a Yelwa, sai tsanar ta samu hujja. Nakan gaya wa abokan aikina cewa wannan ba harshe ba ne, nuni ne kawai, kuma duk mai hankali zai gane nuni ba sai an koya masa ba. Har ina ɗan sa Turanci don maganar ta yi nauyi. Haka nake faɗi in na zo gida hutu, dattawa suna gyaɗa kai suna cewa Malam ya yi gaskiya. Na ma taɓa ce wa Inna ita ce ta lalata shi, da ba ta biye masa da hannu ba da dole ta sa ya buɗe baki. Sai ta ci gaba da tankaɗenta.

A wurinmu akwai wata ƙa'ida da kowane masunci ya tashi ya tarar. Kalli, wato doguwar ragar da ake shimfiɗawa a ruwa a bar ta ta kwana, wani lokaci iska ko jirgin inji kan tsinke shi ya yi ta yawo. Wanda ya tsince shi ba ya taɓawa sai ya ɗaga murya ya kira na kusa, ya ce ga kallin wani nan zai kai gaɓa, su shaida. In ka yi haka, kai mai taimako ne, har a ba ka kifin miya. In kuwa aka same ka da kallin wani a jirginka ba wanda ya ji muryarka, sunanka ɓarawo, kuma ɓarawon kalli ba ya sake sa raga a ruwan tungar. Waɗanda suka kafa ƙa'idar ba su kawo a ransu cewa za a yi masuncin da ba shi da murya ba.

Ina gida hutun ƙarshen zango abin ya faru. Da hantsi muka ji hayaniya a bakin ruwa. Wani magidanci mai faɗa a ji a tungar ya fita duba kallinsa bai gan shi ba, sai ya ci karo da yayana yana tuƙo kwale-kwale, ga kallin a naɗe a ciki, har da kifin karfasar da kallin ya kama. Kafin azahar magana ta kai gaban Sarkin Ruwa. Aka ce a hallara bayan la'asar, kuma a zo da wanda zai yi wa Bebe tafinta.

Ana idar da salla na ga Inna ta ɗauko mayafi. Na tambaye ta ina za ta, ta ce wurin shari'ar ɗan'uwana mana, wa ke jin maganarsa in ba ita ba. Ni kuwa na tare ƙofa na shiga yi mata lacca. Na ce taron maza ne, abin kunya ne a ce tana da ɗa malamin makaranta amma ita ce za ta je ta durƙusa gaban dattawa tana kaɗa hannu. Na ce ta zauna, ni zan ji da komai. Ta dube ni ta ce, "Kana jin abin da shika cewa?"

Na ce, "Haba Inna, nuni na fa. Wa ka kasa gane nuni?"

A hankali ta cire mayafin ta rataye shi a ƙyaure. A lokacin na ɗauka ilimina ta girmama. Yanzu ina ganin murna ce ta yaudare ta, don ranar ce ta farko da ta ga na miƙe saboda ɗan'uwana.

A gindin wani babban mangwaro aka zauna, aka tula kallin a tsakiya. Mai ƙara ya yi bayaninsa. Sarkin Ruwa ya tambaya ko akwai wanda ya ji kira a kan ruwa da safen nan, aka ce babu. Sai ya juyo gare ni ya ce in tambayi ɗan'uwana. Na nuna masa kallin na buɗe tafukan hannuna, iyakar fasahata ke nan. Yayana ya miƙe, ya gyara tsayuwa yadda zai fuskance ni sosai, ya fara.

Ban taɓa tsayawa na kalle shi yana doguwar magana ba sai ranar. Hannuwansa suna tafiya da sauri, fuskarsa tana canzawa, kafaɗunsa ma suna aiki. Ya cire hularsa ya yi kamar ya ɗora ta a kan wani dogon abu, ya ɗaga sama sau uku. Ya ja yatsa a kumatunsa na hagu, ya nuna arewa, ya yi wasu abubuwan da ko kama su da ido ban iya ba. Ko ɗaya ban gane ba. Duk idon taron yana kaina, har da iyayen da suke ba 'ya'yansu misali da ni. Da ya ga na yi sororo sai ya rage sauri, ya sake daga farko, a hankali, yadda nake maimaita wa 'yan aji ɗaya karatu. Wani daga baya ya ce Bebe na rawa, aka yi 'yar dariya.

Sarkin Ruwa ya ce, "To Malam, mi shika cewa?"

Ba na so in rage wa kaina laifi, don haka bari in faɗa ƙarara: ba kuskuren fahimta na yi ba. Na san sarai ban gane komai ba. Amma ni da na cika tungar da cewa nuni ba ya buƙatar koyo, yaya zan buɗe baki in ce ya fi ƙarfina? Sai na yi wani lissafi irin na mutanenmu. A wurinmu in ƙarami ya samu matsala da babba, yakan ce a yi haƙuri ko da shi ke da gaskiya, dattawa su yi masa faɗa, magana ta wuce. Na ce a raina bari in rufe zancen a haka kowa ya huta.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ya ce sharrin Shaiɗan na. A yi mashi haƙuri, ba shi ƙarawa."

Wurin ya ɗauki salati. Yayana, da yake bakina yake kallo, ya ga na yi magana kuma mutane sun motsa. Sai ya ɗora hannu a ƙirji ya yi mini murmushi, ya koma ya zauna. A tunaninsa na isar da saƙonsa. Cikin duk abin da ya faru a ranar, wannan murmushin ne ya fi damuna har yau.

Sarkin Ruwa ya yi shawara da dattawa kaɗan, sannan ya ce tunda ya amsa da kansa, ba za a kai shi wurin hukuma ba, ba kuma wanda zai taɓa lafiyarsa. Amma ƙa'ida ba ta san ɗan gida ba, daga yau ba zai sake sa raga a ruwan tungar ba. Wannan kam bai shiga lissafina ba. Ina zaune samarin mai ƙara suka gangara suka jawo kwale-kwalensa kan yashi suka kife. Yayana ya dubi jirgin, ya dubi fuskokin mutane, ya ja hannun rigata yana tambaya. Wannan tambayar kam na gane ta. Na kawar da kai.

Muna shiga gida Inna ta tare shi, suka yi magana mai tsawo. A bakinta na fara jin abin da ya faɗa a gindin mangwaro. Jirgin inji mai ɗaukar fasinja ne ya tsinke kallin a kan idonsa, ya ga ruwa zai tafi da shi. Da yake ba ya iya kira, sai ya ɗora hularsa a kan filafilin da yake tuƙa jirgi da shi ya ɗaga sau uku, kamar yadda ya saba yi in yana neman hankalin mutane a kan ruwa. Wani dattijo mai tabo a kumatu ya hango shi daga jirginsa, har ya ɗaga masa hannu. Dattijon ya wuce kasuwar Yauri da busasshen kifi, jibi zai dawo. Abin da yayana yake roƙo kawai shi ne a jira shi.

Inna ta juyo ta ce, "Kai kuma mi kac ce musu?"

Na gaya mata. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, da ma ta yi. Zama ta yi a kan turmi ta ce in koma yanzun nan in gaya wa Sarkin Ruwa ƙarya na yi. Na ce magariba ta gabato, a bari sai da safe. Da safe kuwa motar farko na shiga zuwa Yelwa, na bar sallahu cewa ana nemana a makaranta. Tsoro ne da girman kai, ba wani abu ba. Na gwammace a kira ɗan'uwana ɓarawo da a kira ni maƙaryaci.

Da dattijon ya dawo, Inna ta yafa mayafin da na sa ta cire, suka je gaban dattawa tare da shi. Ya ce lallai ya ga hula a kan filafili, ya kuma gane nufin. Amma dattawa suka ce ƙa'ida murya ta ce, ba ta ce hula ba. Suka ce ban da haka, mutum ya riga ya amsa laifi ta bakin ƙanensa mai ilimi a bainar jama'a, yaya za a ajiye wannan a ɗauki fassarar uwa, alhali kowace uwa abin da zai kuɓutar da ɗanta za ta gani a yatsunsa? Wani ma ya tuna mata cewa Malam da kansa yake faɗin kaɗa hannu ba magana ba ce. A ƙarshe suka ce in dai Malam ya dawo ya janye abin da ya faɗa, za a sake zama. Sau uku Inna tana aiko mini. Duk sau ukun ina da uzuri.

Auren da ake shirin yi wa yayana ya watse. Kafin damina ta ƙare ya haɗa komatsansa ya haye can ƙetaren tafki, wata tunga inda ba a san shi ba. Ni kuma na rage zuwa gida, in na je ba na kwana. Inna ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai tun daga lokacin ba ta ƙara kirana Malam cikin wasa kamar da ba. Haka muka yi shekara tara.

A ciwon ajalinta ne, ina zaune ina yi mata fifita, ta ce, "In na tahi, ba mai ce mashi ko sannu cikin danginai." Da ta rasu yayana ya zo. Kwana uku muna zaune a tabarma ɗaya muna karɓar gaisuwa, ni da ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya, amma na kasa yi masa ta'aziyyar uwarmu. Ban san yadda ake faɗi ba. Rana ta huɗu da safe na fito na tarar ya tafi.

Wannan zaman ne ya kai ni rumfar wani tela kurma a kasuwar Yauri, inda kurame suke taruwa da yamma. Na rubuta masa a takarda cewa ina so in koya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini benci. Ina da shekara talatin da 'yan kai, ga gemu, amma na zama abin dariyar rumfar. Yatsuna a sandare suke, fuskata kuma ba ta motsi, suka ce ina magana kamar gawa. Telan yakan ajiye almakashi ya kama hannuna ya lanƙwasa shi yadda ya kamata, in na sake kuskure ya buga mini tef ɗin awo.

A wannan bencin duk abin da na taɓa faɗa ya dawo ya ci ni. Ashe suna da irin maganar da ake koyarwa a makaranta, da irin ta gida da kasuwa, suna cakuɗa su yadda muke cakuɗa Hausa da Turanci. Suna gardamar siyasa har a ɓata, suna gulma, suna shirga ƙarya, wani dattijo a cikinsu yana yi musu wa'azi har a yi kuka. Akwai jiya a maganarsu, akwai gobe, akwai da a ce. Ɗaga gira kaɗai kan mayar da zance tambaya. Sai da na shekara ina zuwa kafin in gane barkwancinsu na farko, in yi dariya tare da kowa ba a bayan kowa ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, duk kalmar da na koya sai ta koma ta zauna a gurbinta cikin abin da na gani a gindin mangwaro, don hoton bai taɓa barin idona ba. Ga jirgin inji. Ga jira. Ga jibi. Wata rana telan yana yi wa ƙanensa godiya, sai na ga wani motsi da na sani. Shi ne abin da yayana ya fara yi a ranar, kafin ya shiga bayani, wanda ko Inna ba ta sani ba tunda ba ta wurin. Cewa ya yi, ƙanena, na gode da ka zo. Na tashi na zagaya bayan rumfar na yi kuka kamar mace ta rasa ɗa.

Bayan shekara uku ina koyo na ce lokaci ya yi. Na fara zuwa tungarmu don in wanke shi. Sarkin Ruwan da ya yi hukunci ya rasu, dattijo mai tabo ya rasu, mai ƙara ya tashi da iyalinsa. Duk da haka na miƙe bayan sallar Juma'a na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Mutane suka yi ta kallona. Wani ya ce Allah shi yafe muna baki ɗaya, aka shafa. Ina ɗaura takalmi na ji ana cewa Malam dai so yake ya gyara sunan gidansu tunda tsohuwa ta tafi. Ƙaryata an karɓe ta nan take, gaskiyata kuwa ba wanda ya ko tsaya jayayya da ita. Matasan da ba su ma san fuskar yayana ba, in ragar wani ta ɓace sai su ce Bebe ya dawo.

Washegari na shiga jirgi na haye. Na same shi a inuwar wata bukka yana ɗinkin raga, furfura ta cinye masa gemu. Na tsaya a gabansa na yi masa sallama da hannu, na tambaye shi lafiya, na yi masa ta'aziyyar Inna da ta makara shekara uku. Ya ajiye allurar ya ƙura wa hannuwana ido. Ya tambayi wanda ya koya mini, na gaya masa, ya ce ya san telan, surutu gare shi. Har ya miƙo hannu ya gyara mini yatsa a wata kalma. Rabon da jikinsa ya taɓa nawa tun ranar da ya ja hannun rigata, don haka zuciyata ta fara saka rai.

Sai na faɗa masa komai, tun daga ƙofar da na tare har zuwa sallar Juma'ar jiya. Na ce ya yafe mini. Bai katse ni ba, ya kalle ni har na sauke hannu. Sannan ya yi magana a hankali don kada wani abu ya wuce ni.

Ya ce, "Ban taɓa jin haushinka don ba ka iya ba. Da ka ce musu ba ka gane ba, da an kira Inna. Ta mutu ana ce mata uwar ɓarawo. Wannan ba nawa ba ne da zan yafe."

Ya tashi ya shiga bukka, ya fito da ƙunshin busasshen kifi ya ce in kai wa 'ya'yana. Daga nan ya juya kujerarsa ya fuskanci ruwa, ya ɗauki allurarsa. Na buɗe baki na kira sunansa na yanka, da ƙarfi, kamar wawa. Mai ji ko ya juya maka baya maganarka za ta shiga kunnensa ko ba ya so. Shi kuwa in ya ɗauke ido, shi ke nan. Da na so da na zagaya gabansa, taku uku ne, amma na san ba ni da wannan ikon.

Har yanzu ina hayewa duk bayan 'yan watanni. Yana karɓata, mu gaisa, ya tambayi yara, mu yi zancen ruwa da kifi. Da ya ga hannuna ya nufi wancan zancen sai ya sunkuyar da kai kan ragarsa, ni kuma in bari. Na daina sa ran wata rana zai ɗago.

Abin da wannan ya koya mini, da tsada, shi ne maganar hannu harshe ce cikakkiya, ana rantsuwa da ita, ana ba da shaida da ita, ana kuma yanke zumunci da ita. A gindin mangwaron nan mutum ɗaya ne ya yi bayani tsaf, sauranmu mu ne ba ma ji. In kana da kurma a gida, ka koyi harshensa tun yana da abin da yake so ya gaya maka. In kuma aka tsayar da kai ka yi magana da yawun wani alhali ba ka gane shi ba, don Allah ka ce ba ka gane ba. Ni na iya maganar hannu yanzu, har ana yabona, amma mutumin da na koya dominsa ya riga ya gama magana da ni.